Ganuwar Sanyi a Dutsen Talgu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya ba zafi rabonsa, ya ba sanyi nasa. Ni ne Barmo ɗan Arzika, mai haɗa turare, haifaffen Birnin Yarkufa da ke bayan tekun yashi. Na ratsa garuruwa, na sha ruwan rijiyoyi masu daɗi da masu zartsi, na sauka gidan masu fara'a, na sauka gidan masu ɗaure fuska. Amma in aka ce in zaɓi tafiya ɗaya in ba da labarinta, ta Dutsen Talgu zan zaɓa, don ita ce har yau ba ta sake ni ba.

Hancina ne ya jawo mini ita. Allah bai ba ni kyau ba, bai ba ni ƙarfi ba, gwiwoyina kuwa tun ina saurayi suke ƙorafi, amma ya ba ni hanci. In na shiga gida nakan gane abin da aka dafa, in gane abin da aka manta ba a sa ba. Wata rana a kasuwa wani falke ya miƙo mini ɗan ƙaro, girmansa bai fi ƙwallon dabino ba, ya ce in gwada. Na ɗora shi a kan garwashi. Ƙanshin da ya tashi ya sa na manta da mai ciniki da ke tsaye a gabana. Falken ya ce ƙaron itacen allura ne, wanda ba ya tsiro sai a kan Talgu, inda ruwan sama ke sauka fari kamar auduga ya kwanta a ƙasa wata da watanni.

"In kana so, ka hanzarta, malam," in ji shi. "Da can buhu-buhu muke saukowa da shi. Yanzu wannan ɗin ma da roƙo na samu."

A lokacin dalili bai dame ni ba. Hanya kawai na tambaya.

Na ɗaure kayana a kan jaki na kama tafiya. Na bar yashi, na bar ƙasar ciyawa, har na iso Kogin Farau da ke gindin dutsen. Falken ya gaya mini a wannan lokaci na shekara ruwan iyakarsa idon sawu. Abin da na tarar kuwa ruwa ne fari fat, yana ruri, yana mirgino duwatsu. Wani tsoho mai fito yana zaune a bakin gaɓa, ya kife jirginsa yana gyangyaɗi a inuwarsa. Na yi masa sallama na tambaye shi me ya sami kogin.

"Da, dutsen nan yakan riƙe ƙanƙararsa ya riƙa sako mana ruwa kaɗan-kaɗan har rani ya fita," ya ce. "Yanzu lokaci guda yake juye mana, sannan ya bar mu da rairayi. Ka dawo nan da 'yan watanni ka ga akuya tana tsallakawa ba ta jiƙa kofato ba."

Tunda jirgi ba ya shiga, mutanen wurin sun ɗaura igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, sun rataya wani ƙaton kwando, a ciki ake jan mutum ta sama. Ni na shiga ina karanta duk addu'ar da na sani. Jakin ne ya ce bai san zancen ba. Sai da na kwance rawanina na ɗaure masa ido, na riƙe dusa a bakin hancinsa, ya bi ƙanshi har cikin kwando. Muka haye yana cin abincinsa cikin kwanciyar hankali, ni kuwa idona a buɗe, ina kallon ruwan da ke ruri a ƙasa.

Daga nan hawa ya fara. Da na shiga daji na farko sai murnata ta koma ciki. Itatuwan suna nan, dogaye, miƙaƙƙu, ganyensu siriri kamar allura yadda aka faɗa mini, amma duk sun yi ja, sun mutu a tsaye. Babu tsuntsu, babu ƙanshi. Wata ƙara kawai nake ji ta ko'ina kamar yayyafi a kan ganye, alhali sama tas take. Na ɓanɓare ɓawon wani itace, sai ga ƙwari ƙanana baƙaƙe sun cika shi, sun huda hanyoyi suna ci. Cin nasu ne nake ji.

Na zauna a kan wani kututture in huta, na lura da zobban da ke jikinsa, kowace shekara da nata. Na tsakiya sirara ne, a matse, a jere, irin na itacen da ya girma a hankali cikin sanyi. Daga nan sai suka yi faɗi, kamar itacen ya sami shekarun ƙoshi. Na bakin-baki kuwa sun ƙanƙance har ido ba ya raba su. Ban san karatun itace ba, amma ko ni na gane wannan ya ji daɗi na ɗan lokaci, sannan ƙishirwa ta kashe shi.

Ina zaune hancina ya ji hayaƙi. Kafin in miƙe iska ta taso daga ƙasa, wuta na binta, tana tsalle daga kan wannan itace zuwa wancan. Mai gwiwa irin tawa ba ya tsere wa wuta a kan hawa. Na tsaya cik, na rufe ido, na shaƙi iska ta kowace fuska, har na ji ɗan ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta hannun hagu. Na ja jaki muka bi shi, muka faɗa wata tsaguwar dutse mai maɓuɓɓuga a ciki. Na shafe jikina da nasa da laka, muka kwanta. Wutar ta wuce ta kanmu da rugugi, ta ƙone mini gefen gemu, ta bar mana ranmu.

Da na ƙara yin sama sai ja ya fara gauraya da kore, har na hango rufin gidajen wani gari da ake kira Dungal. A bakin garin akwai wani babban itace, rabinsa kore rabinsa ja, ƙaro na tsattsafowa daga jikinsa kamar zuma. Ƙanshinsa ya fi na falke nesa ba kusa ba. Ban yi sallama da kowa ba, ban nemi izini ba, na zaro wuƙa na tsaga ɓawon na tara ƙoƙo.

"Bawan Allah, me na yi maka?"

Na waiwaya. Wata mace ce gajeriya mai furfura, da tulu a kanta.

"Ni, Inna? Ai ban taɓa ganinki ba."

"To ga wuƙarka a jikina."

Ta sauke tulun ta juye ruwan a gindin itacen, sannan ta ɗebi laka ta toshe inda na tsaga, a hankali, yadda ake ɗaure wa yaro ciwo. Sunanta Ladingo. Ba ta zage ni ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. A nan tsaye ta yi mini bayanin abin da duk ɗan Dungal ya sani tun yana goye. Ran sunan kowane jariri ana dasa masa itacen allura, kuma muddin itacen na raye yana da wurin zama a garin. In ya mutu, mai shi zai tattara kayansa ya sauka daga dutsen kafin dusar ƙanƙara ta farko, sai fa in itacen ya bar ɗa a ƙasar gari, wanda tsawonsa ya kai gwiwar mai shi.

"Da, dokar nan magana ce kawai," ta ce. "Itace yakan binne mai shi ya binne jikokinsa. Yanzu je ka ga unguwar ƙasa, ƙofofi a ɗaure. Mijina a garin nan aka binne shi, 'ya'yana biyu da na rasa suna nan. Ban san kowa a gindin dutse ba. Ƙaron da ka zo sata kuwa, da shi itacen ke toshe ramin ƙwari. Shi ya rage masa."

Na ji kunya har na rasa inda zan sa idona. Na tambaye ta ko ba ta gwada shuka 'ya'yansa ba. Ta ce kowace shekara tana shukawa, su tsiro, zafi ya zo ya ƙone su kafin su kai tsawon yatsa.

Aka kai ni gaban Tunau, Sarkin Ganuwa, mai yanke hukunci a Dungal. Dogo ne, busasshe, ba ya dariya, kuma yayan Ladingo ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya saurari ƙara, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce hukuncina sai bayan wani aikin gayya da suke kira cira, kafin nan in zauna a gidan wadda na yi wa laifi in riƙa ɗaukar mata tulu. Haka na zama ɗan aiken Ladingo, ina hawa da sauka da ruwa, gwiwoyina suna tsine mini. Ita kuwa tana ciyar da ni, tana yi mini dariyar ƙonannen gemu.

Ran cira gari duka ya fito da kwanduna, muka hau har ƙarshen daji. A nan na ga ganuwar. Katangar duwatsu ce, tsawonta iya ƙugu, ta zagaye dutsen kamar ɗamara. Itatuwan da ke dab da ita ta ƙasa kore shar suke, suna girma da sauri, har mutane na cewa ba su taɓa ganin toho mai tsawo irin na 'yan shekarun nan ba. Ta sama da ita kuwa fili ne na ciyawa da tsakuwa, kuma ko'ina ka duba 'yan tsiron allura ne, dubbai, lafiyayyu. Tunau ya ɗaga sanda, jama'a suka tsallaka katanga suka hau tumɓuke su suna cika kwanduna.

Na ja Ladingo gefe. "Inna, me nake gani? A ƙasa kuna kukan tsiro ya ƙi rayuwa, a nan ya rayu kuna cirewa?"

"Nan ba ƙasarmu ba ce, gonar Sanyi ce," ta ce. "Kakanninmu sun yi alkawari da shi. Shi ba zai sauko ya kashe mana itatuwa ba, mu kuma ba za mu bar itatuwanmu su shiga gonarsa ba. Ina yarinya, tsiron da ake cirewa bai cika tafin hannu ba. Yanzu ka gani. Yaya ya ce shigar da suke yi ce ta sa Sanyi fushi ya ja baya, shi ya sa muke ƙara himma, ko ya huce ya dawo ya kashe mana ƙwarin nan."

"Wa ke shuka su a nan?"

Ta nuna mini wata tsuntsuwa mai ruwan toka da ke tono da baki can nesa. Ita ce ke kwasar irin daga daji ta haura da shi ta binne don ajiya, ta ci wani ta manta da wani. Na tsaya ina kallon Ladingo ta sunkuya tana cira tare da kowa, kuma na san ita ma zuciyarta ba ta kwanta da abin ba.

Da aka gama cira, kwanaki bayan haka, Tunau ya tara dattawa ya yanke mini hukunci. Tun da can, in baƙo ya raunata itacen wani, akan aike shi manzo wurin Sanyi. Zai tsallaka ganuwa shi kaɗai, ba bargo, ya yi ta hawa har ya same shi, ya ba shi haƙuri a madadin gari. Na tambaya manzanni nawa suka taɓa dawowa. Wani dattijo ya ce shi dai bai taɓa jin labari ba, amma an daɗe ba a aika kowa ba. Ladingo ta ce ta yafe. Tunau ya ce yafiyarta tata ce, doka ta gari ce. Ta bi ni har ganuwa, ta cusa mini ƙunshin gurasa a aljihu.

Na tsallaka da sassafe ina jiran sanyin da zai daskarar da ni. Na hau, na hau, gumi kawai nake yi. Can na tsaya in huta a bakin wata tsaguwa da ke bayan wani babban dutse, sai hancina ya ji abin da ya sani. Na leƙa. Wani tsiro ne da masu cira ba su gani ba, ya kwana biyu a wurin, har ya yi rassa. Na murza allurarsa a yatsa na sansana. Na yi kwanaki ina zuba wa itacen Ladingo ruwa, na san ƙanshinsa yadda na san muryarta, akwai wani ɗan ɗaci a ƙarshensa da ban ji a jikin wani itace ba. Wannan ɗansa ne. Na ba shi rabin ruwan gorata na ci gaba.

Da na ƙara nisa na yi tuntuɓe da abin da ban zata ba: wata tsohuwar katanga, ta rushe, ciyawa ta rufe ta, amma a jere take ta zagaye dutsen kamar ta ƙasa. A gindinta ga kututture manya-manya, sun yi fari don tsufa. Wato an taɓa yin daji a nan, an taɓa yin iyaka a nan.

Sanyi kuwa ban same shi ba sai dab da ƙololuwa. A bayan wani dutse, inda rana ba ta kaiwa, na tarar da ƙanƙara kwance, ta yi datti, faɗinta bai fi tsakar gida ba, ruwa na ɗiga daga gefenta. Na zauna kusa da ita. Na zo da tsoro, sai tausayi ya kama ni. Na isar da saƙon gari kamar yadda aka umarce ni, don ni ba na cin amanar aike, na saurara, ban ji komai ba sai ɗigar ruwa. Sannan na ƙarasa ƙololuwar na duba ƙasa. Daga can ana ganin komai: baƙin da wuta ta bari, jan daji a samansa, siririn kore, sai ganuwa. Koren yana gudun ja, ganuwa ta tare shi.

Da na sauko Dungal mutane suka yi ta taɓa ni su ji ko fatalwa ce. Aka tara dattawa.

"Ka same shi?" in ji Tunau.

"Na same shi, ranka ya daɗe."

"Ya huce?"

"Ba fushi yake ba. Na san mai fushi, na yi aure. Wannan ba shi da lafiya ne, ya rame, ya koma can ƙurya ya kwanta. Gonar da kuke share masa ya daɗe da barinta. Ban san abin da ya same shi ba, kuma ba na jin a dutsen nan abin ya faro, don tun daga ƙasarmu nake jin tsofaffi na cewa zafin yanzu ba irin na da ba ne. Amma tsiron da kuke cirewa ba su suka kore shi ba. Binsa suke yi."

 Na faɗi zancen tsohuwar katanga, na faɗi zancen ɗan itacen Ladingo. Wani dattijo ya ce baƙo ne, zai faɗi komai don ya ceci wadda ta ciyar da shi, wa ya taɓa gane ɗan itace da hanci? Na ce a gwada ni. Suka ɗaure mini ido da rawanina, wanda har lokacin warin jaki bai bar shi ba, suka riƙa miƙo mini allurai daga itatuwa iri-iri, suna cusa na Ladingo a tsakani, wani lokaci su haɗa biyu don su ruɗa ni. Duk sanda nata ya zo na ce ga shi. Da suka gaji suka kwance ni.

Tunau bai ce ya yarda ba. Washegari dai ya ɗauki sandarsa ya ce in wuce gaba. Shi ne Sarkin Ganuwa na farko da ya yi nisa a bayanta. Da muka isa tsohuwar katanga ya durƙusa ya share ciyawa, ya duba yadda aka ɗora duwatsun, babba a ƙasa, biyu a kansa, ɗan tsaki a tsakani. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Hannunmu ne," ya ce. "Haka ubana ya koya mini ɗori."

"To sun taɓa matsar da ita ke nan."

"Sanyi ya sauko, suka sauko masa da iyaka." Ya miƙe yana kakkaɓe hannu. Ya dubi gangara, inda kwandunan cira ke jibge, tsiron na bushewa a rana. "Shekara da shekaru ina ɗaga sandar nan. Unguwar ƙasa duk ni na sallame su, da bakina."



Dattawa suka yi ta muhawara, wasu suka ce a mai da ganuwa kan tsohuwar iyaka, wasu suka ce ko dutse ɗaya ba za a taɓa ba. A ƙarshe aka tsaya a tsakiya: za a haura da ita zuwa bayan babban dutsen nan mai tsaguwa. Aiki ne na gari duka, daga hannu zuwa hannu, dutse bayan dutse. A cikin kwanakin ne itacen Ladingo ya ƙarasa. Na kai masa ruwa wata safiya na tarar babu sauran kore ko ɗaya. Daga ranar kowa ya riƙa aiki yana satar kallon sama, don in dusar ƙanƙara ta sauka kafin ganuwa ta zagaye tsiron, a gonar Sanyi yake, kuma Ladingo za ta sauka. Ita kanta ta ɗaure kayanta ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce ba ta son a ce ƙanwar Sarkin Ganuwa ta tsaya roƙo. A shekarun da, in ji su, da tuni ƙanƙara ta rufe hanyoyi. Jinkirin sanyin da ya kashe mata itace shi ya ba mu lokaci, kuma har yau ban san yadda zan ji game da wannan ba.

Ran da aka ɗora dutsen ƙarshe gajimare ya haɗu, iska ta juya. Gari ya taru a bakin tsaguwar don awo. Ladingo ta tattare zaninta zuwa gwiwa ta je ta tsaya a gefen tsiron, ta sama da shi, inda ƙasa ta fi daidai. Ina kusa, na gani da idona: bai kai ba. Saura kamar faɗin yatsa biyu. Kowa ya gani. Ita ma ta duba ta gani, ta ɗago ta dubi yayanta, ba roƙo a fuskarta.

"Faɗi abin da ka gani, Yaya," ta ce.

Tunau ya matso da sandarsa. Ya dubi tsiron, ya dubi gwiwarta, ya dubi sama. 

"Ban fara awo ba tukuna," ya ce. "Kin tare mini haske, Ladingo. Zagayo ta nan ƙasa."

Ta zagayo ta tsaya ta gangare, inda ƙasa ta ɗan faɗa. Kan tsiron ya taɓa gwiwarta har ya ɗan gota. Tunau ya juya ga dattawa ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa jin doka ta faɗi ta wane gefe ake tsayawa. Dattijon nan da ya ƙaryata hancina ya sosa gemu ya ce shi dai bai taɓa ji ba, kuma idonsa ba ya gani sosai a irin wannan gajimare.

"Ya kai," in ji Tunau. Ya juya baya ya shiga gyara wani dutse da ba abin da ya same shi. Masu ɗori suka zo za su cike gindin ganuwar da ƙasa don ta kafu, ya hana su. Ya ce a bar duwatsun sako-sako, yadda masu zuwa za su iya ɗagawa.

Ban jira an rufe hanya ba, na yi shirin sauka. Ladingo ta kankare ƙaron da ya bushe a jikin mataccen itacenta ta ƙulle mini a tsumma, ta ce yanzu ba ya bukatarsa. Ta raka ni har bakin gari, tana yi wa jakin faɗa ya kula da ni a hanya. Da muka zo rabuwa ta tsaya ta juya tana kallon sama, wajen sabuwar ganuwa.

"Barmo, kai ka je har ƙarshe. Daga ganuwar nan zuwa ƙololuwa, tafiyar me?"

Na so in ƙara mata nisa, amma ba ta cancanci ƙarya ba. "Mai gwiwa irin tawa, in ya tashi da hantsi, zai isa kafin azahar, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Zai ishe ni," ta ce. "Zai ishi ɗan itacena ma, in Allah ya so. Jikansa ne ban san inda zai hau ba."

Ta ɗauki tulunta ta nufi sama, don yanzu hanyar kai ruwa ta ƙara mata tsawo. Ni kuma na ja jakina na nufi ƙasa, ta cikin jan daji.

Wannan shi ne abin da idona ya gani a Dutsen Talgu, ban ƙara ba, ban rage ba. Wanda ya kafa duwatsu Shi ya san iyakar tsawonsu.